Zobe a Akwatin Ƙwayoyin Baba

"Wa ya buɗe akwatin nan?!"

Ihuna ya karaɗe ɗakin bincikenmu na birnin Winnipeg. Jar fitila sai ƙiftawa take yi, iska ta shiga akwatin da nake rainon ƙwayoyin cutar hanji, ga shi iskar da muke shaƙa guba ce gare su.

Daga hanjin Babana aka ciro su, kafin ciwon ya kai shi kabari. Shekara huɗu ina farautar sinadarin da suke fitarwa, mai gutsure sukarin majinar da ke kare bangon hanji har ta zaizaye. Su kaɗai suka rage mini nasa.

Colette, abokiyar aikina da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan saurayina Desmond da muke aiki tare, ta taɓe baki.

"Tambayi masoyinki mana."

Sai ga shi a bakin ƙofa.

"Noreen, rabin raina... ni ne. Zobe na saka miki a ciki, don ki gani idan kin zura hannu. Ɗoki ya sa na manta ban zuƙe iskar ba..."

"Zobe?! Ka kashe mini Baba karo na biyu saboda zobe?"

Na fice ina kuka. Mama ta ƙara zuga ni a waya:

"Dama na gaya miki yaron nan rawar kai gare shi. Rabu da shi!"

Kwana goma sha bakwai ban ko kalli inda yake ba, alhali kewarsa na cin raina. Shi kuwa bai ba ni haƙuri da baki ba. Ya kankare ragowar matattun, ya shuka su a farantan gwaji ɗari biyu, kullum yana ba su majinar da suka fi so.

Wata safiya ya tare ni, ya rame, idanu sun faɗa.

"Zo ki duba. In babu komai, yau zan bar aikin nan."

Na leƙa. A faranti na ƙarshe, ga wani ɗan ɗigo fari, bai kai ƙwayar gishiri ba.

Mai rai!

Hawaye suka ɓalle mini.

"Noreen... kin yafe mini?"

"Yi shiru, sakarai," na ce, na damƙe hannunsa gam. "Bari in fara gabatar da kai ga Baba."