Ɗigon Bayan Kunnen Ivandra

"Duba min mana, Gilson... ya canza?"

Kullum da safe haka nake tare shi a tashar jirgin ƙasa ta Amadora, in ɗage kitsona in miƙa masa wuya. Saura mako shida bikinmu, amma ba abin da nake ɗokin gani irin bayan kunnena.

Tabon ƙuna gare ni a kumatu tun ina shekara biyar, man suyar kifin Mama ne ya fallatso min. Ni har na manta da shi, ita ce ta kasa. Ta rantse ba zan shiga coci da shi ba, ta ja ni wurin likitar fata a goge shi da hasken leza.

Likitar ta ƙi taɓa fuskata. Ta ce fata mai duhu irin tamu in ta sha zafi takan rama, wurin ya fi da baƙi. Sai ta ɗiga hasken a bayan kunnena, ta ce a jira wata guda a gani.

Na haɗa madubi biyu, ban hango komai ba. Dole Gilson ya zama idona. Sai ya yi ta jan dubawar, wai aikin likita ba ya son gaggawa!

Mama kuwa haƙurinta ya ƙare a mako na uku. Ta samo wani shago da za su goge tabon ranar Asabar, babu gwaji. Ta cika wa Gilson kwano da dahuwar masara da wake, ta roƙe shi duk abin da ya gani ya ce lafiya lau.

Ranar Juma'a ya duba, ya sake dubawa.

"Gaskiya nake so, masoyi."

"Ya yi baƙi, Vanda... kamar ƙwayar kofi. Ko mamarki Nha Zulmira za ta kore ni, ba zan ɓoye miki ba."

Ina isa gida na durƙusa gaban Mama na ɗage kitson. Ta daɗe tana shafa wurin, sai na ji ɗumin hawaye a wuyana.

"Abin da na ɓata nake son gyarawa, 'yata..."

"Mama, da kaskon suyar nan kika raine mu. Bar min tabona."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwar Gilson ba, ran na huɗu ta ƙara masa nama.

Da tabona na shiga coci. Muna fitowa na ji yatsunsa suna ɗage mayafina ta gefen kunne. Na ce ai gwaji ya ƙare.

"Wa ya sallame ni daga aiki?" ya ce, yana leƙawa.