Ramin Bayan Kunne

Rana ta yi ja, gidan ya yi tsit, sai ƙarar fankar kwamfuta daga ɗakin Auta. Uwarta na tsintar shinkafa a bakin ƙofa, tsakuwa ta faɗo cikin tire. Ta ɗaga kai. Rufi lafiya lau.

Auta mai ƙera mutanen fim ɗin katun ce a kwamfuta. A wurin aiki an sa ta gina siffar kan wani tsoho iri biyu, a ga wanda zai fi daɗin motsawa. Ɗaya da layuka masu lanƙwasa, sumul kamar ƙwai. Ɗaya da raga, ƙananan murabba'ai ɗinke da juna. Na ragar ta bar masa rami a bayan kunne, wai kyamara ba ta leƙawa can.

"Ni ko buhu ba na bari a buɗe," uwar ta faɗa mata tun ranar. Auta ta yi dariya.

Kwana uku ana jifan gidan da tsakuwa da magariba. A na huɗu hannun Auta na dama ya ƙage, hannun sana'arta. Ta zauna tana kallon bango, tana ƙirga: huɗu, sha shida, sittin da huɗu.

Uwar ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi ta ɗauko malamin ruƙiyya.

Ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya buɗe. Muryar ta tsoho ce.

"Ita ta bar ƙofa a bayan kunnen tsohon."

"Me ya kai ka ciki?" in ji malam.

"Na gwada mai lanƙwasar, santsi, ba wurin riƙewa. Ragar kuwa ɗaki dubu ce. Na kwaso iyalina. Sai ta ga fuskar ta yi kaushi, ta danna abin laushi. Kowane ɗaki ya rabu huɗu muna ciki. Ta sake dannawa, ta kuma sakewa."

Uwar ta tuna. Da idonta ta ga fuskar na yin sumul, har ta yaba.

"Hannun nan nawa ne," in ji muryar.

"Ba naka ba ne," in ji malam. "Faɗi abin da zai fitar da kai."

Muryar ta sassauto.

"Ta mayar da ragar yadda take. Ta ba ni."

"Sai dai a filas ɗin kwamfuta," uwar ta ce, ba a tambaye ta ba. "A kai shi inda ba mutane. Gidana ba masauki ba ne."

Auta ta yi atishawa sau uku, yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Da safe ta buɗe tsohon aikin, uwar na tsaye a kanta. Ta juyo ƙeyar tsohon. Hannunta ya tsaya.

"Mama, ramin a toshe yake."

"Ke kika toshe?"

"Ba haka nake ɗinki ba. Wannan daga ciki aka yi shi."

Uwar ta miƙa mata filas ɗin. "Kwafe. Kada ki juyo fuskar."