Maɗaurin Hagu na Jirgin Chizuru

Ni na fara gani. Kafin uwarta, kafin matan kasuwar kifi, kai, kafin ita kanta Chizuru ta yarda da abin da ke ranta. Ni Heikichi, ban taɓa zaman aji ba, amma guguwar teku ta sha kifar da ni ina fitowa da ƙafata. Sandar jirginta kawai na kalla na gane komai.

Ranar ƙarshe ta bikin tunawa da magabata, da hantsi, na tarar da Chizuru durƙushe cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska da mahaifinta ya bar mata. Sufana a hannu, hawaye na ɗiga kan ƙarfe.

"Jikalle, ƙarfe ba ya jin kuka."

"Kaka, ka ƙyale ni..."

"Ya ƙi juyawa ko?"

"Ya ƙi! Inna ta ce in sandar nan ba ta miƙe ba kafin lokacin guguwa, gidan su Tomoe, masu jirgin fito, za ta ba jirgin."

Ku da ba ku san ruwa ba, wayoyi ne ke riƙe sandar jirgi dama da hagu, kowace da maɗaurin ƙarfe a ƙasa, a murza shi waya ta yi ƙarfi. Na dama, Chizuru na wanke shi da ruwan daɗi, ta shafa masa giris, ta ƙara masa ɗauri. Na hagu kuwa ko yatsa ba ta ɗora masa, har gishiri ya kafar da shi, sanda ta karkace.

Isamu ne ya ɗaure shi, ranar da zai bar tsibirin.

Ya je neman aurenta, uwarta Sumie ta ce teku ta ci mata miji, ba za ta ƙara kai 'yarta gidan mutumin ruwa ba. Yaro ya kwashi kayansa sai wurin ƙera jirage a birnin Kure. Shekaru suka wuce, ba shi ba labarinsa.

"Ya zo biki," na ce mata. "Jirgin fiton rana tsaka zai bi."

"Na gan shi jiya daga nesa..." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ko juyowa bai yi ba, Kaka."

Na ja ƙafata zuwa tashar fito. Ga Isamu da jaka a kafaɗa, ga Tomoe, 'yar mai jirgin fiton, ta riƙe masa lema kamar wani ɗanyen kifi da take tsoron rana ta lalata.

"Kai ɗan birni! Hannun ya yi laushi ne, ko har yanzu yana riƙe sufana?"

"Kaka Heikichi! Ashe teku ba ta gaji da tofo ka ba?"

"Ɗaci gare ni. Zo ka duba wa Chizuru maɗauri."

Fuskarsa ta canza.

"Angonta ya duba mata mana," in ji Tomoe. "Ai na gaya maka, mai kantin maganin nan na Onomichi."

"Wane ango? 'Yar nan, ƙaryarki ta fi kifin shekaranjiya wari!"

Isamu ya dube ta, ya dube ni. Ya fita daga ƙarƙashin lemar.

Da ya taka cikin jirgin, Chizuru ta miƙe, sufana ta suɓuce mata.

"Isamu..."

"Chizuru."

Shi ke nan abin da suka iya. Ya durƙusa gaban maɗaurin don ya samu wurin ɓoye idonsa.

"Wannan ya mutu. Sai dai a yanke shi."

"A'a!"

Ya ƙara dubawa. Akwai siririyar waya da ake kulle maɗauri da ita don kar ya kwance da kansa. Isamu bahago ne, tasa kullum a baibai take murɗewa. Ga ta nan yadda ya bar ta, ta yi fari da gishiri.

"Wannan ɗaurina ne..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ki taɓa kwance shi ba?"

"Shi kaɗai ka bar mini."

Ni dai na juya ina kallon tsuntsaye. Iska ce ta shigar mini ido, kar wani ya ce wani abu.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe kan waya da sufana kar ta murɗe, ɗaya ya juya maɗaurin. Isamu ya cire kullin ya riƙe sama, Chizuru ta danna da duk ƙarfinta. Ko motsi.

Sai jirgin fito ya yi busa.

"Ka tafi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zai bar ka."

"In na saki, waya za ta murɗe."

"Ai bai ma fara juyawa ba..."

"To sai ya juya, abar ƙaunata. Wancan karon na saki da wuri."

Muna kallo jirgin fito ya ja baya ya nufi Kure ba shi. Can muka ji ƙwas ƙwas ɗin takalmin katako. Sumie ce, fuska a ɗaure, riƙe da butar ruwa tana tururi. A tsibirinmu mace ba ta kai wa baƙo ruwan zafi bakin jirgi. Sai dai ta kai wa namijin gidanta.

Ta tsaya a kan Isamu.

"Janye hannu kar na ƙona ka."

"Ba zan saki ba, Inna."

"Taurin kai irin na ubanta." Ta karkata butar, ta tsiyaya a hankali ƙasa da yatsunsa. Gishiri ya narke yana gangara. "Juya, ke kuma! Kin tsaya kina kallonsa."

Chizuru ta danna. Ƙarfen ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya juya.

Ta fashe da kuka, tana dariya a ciki.

"In kun gama ku wanke hannu, shinkafa na hucewa," in ji Sumie. "Kuma kai, ranar da gajimare ya haɗu ka fita mini da ita, da wannan butar zan tare ka."

Da shigowar kaka, ganye na fara ja, aka ɗaura auren. Ni aka zaunar a gaba, inda ya dace da ni.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya hau jirgin fito ya zo ya faɗa a gabana. Kullum ina bakin gaɓa kan akwatin kifi. Haƙora sun tafi, amma hannun dama yana nan, kuma ruwan wurin yana da sanyi.