Wace Ce Rosaline?

Ranar Alhamis da la'asar Kamila na zaune a falon gidansu na Bur Dubai tana ninke atamfofin ankon bikinta, sai ga Gwaggo Murjanatu ta faɗo ko sallama babu, waya a hannu, mayafi na jan ƙasa.

"Innalillahi! Kamila, taso ki ga mijin da za ki aura!"

Gwaggo ƙanwar Abban Kamila ce. Sarin kaya na mako biyu ya kawo ta daga Kano, ga shi an shiga wata na biyu ko zancen tikiti ba ta yi. Tana da kirki, wannan ba a raba ta da shi, amma wajen yanke hukunci ko alƙali albarka.

Bidiyo ne aka turo a zauren wasaf na matan Kano mazauna Dubai. Sharfuddeen ne a ciki, ma'aikacin wani kamfanin kago, masu aika kaya, a unguwar Al Sabkha, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure da Kamila. Ya runtse ido, ya riƙe makirfo hannu bibbiyu, yana rera wata tsohuwar waƙar Turanci irin ta baƙaƙen Amurka, wadda ake ce wa soul.

"Haba Gwaggo, ai na sani," in ji Kamila tana dariya. "Duk Asabar suke haɗuwa da abokansa su yi ta maimaita waƙoƙin mutanen da. Sha'awa ce kawai."

Gaskiya ta faɗa. In Sharfuddeen ya fara ba ta labarin wani mawaƙi da ya mutu tun Abba na goye, yadda yake jan numfashi, yadda muryarsa ke karyewa a ƙarshen baiti kamar zai faɗi amma bai faɗi ba, to sai shayinsa ya huce a kofi.

"Sha'awa ko? Kalli nan. Wannan ruwan da ke fuskarsa gumi ne?"

Kamila ta duba. Hawaye ne, shaɓe-shaɓe.

"Ni ba na jin Turanci, amma ina jin suna. Sau uku ya kira shi. Fassara mini, kuma kar ki rage ko harafi!"

Kamila ta kasa kunne, dariyar ta ɗauke. Murya can ƙasa ta ce, "Ya ce... duk shekarun nan ke kaɗai ce. Ko da za a mayar da ni farko, ke zan sake zaɓa... Rosaline."

"Ro-sa-lin!" Gwaggo ta tafa hannu. "Duk shekarun nan! Ke yaushe ya san ki? Bara!"

"Gwaggo, a cikin waƙar sunan yake. Mai ita ne ya saka, shi maimaitawa kawai ya yi."

"A garinmu dai mawaƙi ba ya kiran suna a banza."

Don ta rufe bakin Gwaggo, Kamila ta lalubo ainihin waƙar a wayarta. Tsohon hoto ne marar kala, wani dogon mutum cikin kwat yana rerawa. Ta saurara har ƙarshe. Ta sake. Ta sake na uku. Ko kalma ɗaya Sharfuddeen bai bari ba, komai daidai yake, sai abu guda: babu Rosaline a waƙar mai ita. Babu sunan kowa ma. Da bakinsa ya ƙara.

Kan a yi magariba Abba, Alhaji Abubakar Sadiq, ya dawo daga shago ya tarar da gida a hargitse. Ya kalli bidiyon sau ɗaya ya ajiye wayar.

"Mutane sun yi ta ce mini zan ba maroƙi 'yata," ya ce a hankali. "Na ce yaro ne mai sana'a, mai sallah, ba ya waƙa don a yi masa liƙi. Da wannan zai saka mini? Kira shi."

Kamila ta kira, ta buɗe murya kowa na ji. Abin haushi, da Sharfuddeen ya ji tambayar sai ya fashe da dariya.

"Wai Rosaline? Ai kamar uwa take a wurina, wallahi! Abin da ya faru..."

Gwaggo ta fizge wayar. "Kamar uwa! Haka kowane mayaudari yake cewa, daga kamar uwa sai kamar ƙanwa!" Ta kashe ƙit.

"Gobe zan kira Kano a mayar musu da kayansu," in ji Abba.

Kamila ta zube a gabansa tana kuka. "Abba, don Allah ka ba ni zuwa Asabar. Ban ce ba shi da laifi ba, ni ma ban gane komai ba. Amma kar a raba aurena a kan abin da babu wanda ya gane shi a cikinmu."

Abba ya dube ta. "Asabar. Kuma ba waya tsakaninku. Khalas, magana ta ƙare."

Kwana biyun nan Kamila ba ta san a duniyar da take ba. Ta zuba gishiri a shayi, ta yi sallar azahar ta kasa tuna ko raka'a uku ta yi ko biyar. In ta ce ƙarya yake, sai ta tuna mai ƙarya ba ya dariya haka. In ta ce gaskiya yake, to wa ke cewa uwarsa zai sake zaɓar ta? A ranta ta zana Rosaline doguwa, fara, mai gashi har baya, ta tsane ta iya tsana, sannan ta ji kunyar tsanar wadda ba ta taɓa gani ba. Saƙo ɗaya Sharfuddeen ya turo, adireshi ne a unguwar Al Warsan, da kalma uku: "Ku zo Asabar."

"Za mu je kuwa," in ji Gwaggo tana ɗaura ɗankwali. "Yalla, mu je in ga idon 'yar banzar nan!"

Ranar Asabar su biyu suka isa gidan: hawa na uku, ƙofa ta ƙarshe. Tun daga bene ake jin fiyano. Gwaggo ta buga ƙofa kamar ta zo kamu. Wata dattijuwa ta buɗe, gajera, da tabarau da furfura, ludayi a hannu.

"Sannunku da zuwa! Wa kuke nema?"

Jin Hausa ya ɗan rikita Gwaggo, amma ta dake. "Rosaline muke nema. 'Yarki ce?"

"Ni ce Rosaline."

"A'a, ƙaramar."

"Babu ƙarama, Hajiya. Maza uku na haifa."

Gwaggo ta kalli Kamila, Kamila ta kalli ludayin. Matar kuwa sai fuskarta ta washe. "Kai! Ke ce Kamila? Clement, ga amaryarmu! Ku shigo mana!"

A falo mutum shida ne zaune, Sharfuddeen a cikinsu, ya rame a kwana biyu. Wani dattijo ya taso daga kan fiyano ya gaishe su, amma muryarsa ba ta fita, sai wani hucin iska da kyar ake tsintar kalma a ciki. Mama Rosaline, wadda nas ce 'yar Kagoro, ta zaunar da su ta yi bayani. Maigidanta Clement, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya kafa ƙungiyar masu waƙar Asabar ɗin, kuma a da duk cikinsu babu mai muryarsa. Da wannan waƙar ya nemi aurenta, yana saka sunanta a ƙarshen kowane baiti. Shekara biyu ke nan da aka yi masa aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi.

"Makon jiya muka cika shekara ashirin da biyar da aure," ta ce. "Shi ne ya roƙi ɗan nan ya ara masa murya."

Ta kunna musu bidiyon cikakke. Daidai inda na Gwaggo ya yanke, hoton ya juya: Clement a durƙushe, riƙe da hannun matarsa, bakinsa na bin kowace kalma, sautin na fitowa daga bakin Sharfuddeen.

Gwaggo ta gyara zama. "To... to kukan fa?"

"Gwaggo," in ji Sharfuddeen, kansa a ƙasa, "mutum yana motsa baki a gaban matarsa, murya ta ƙi fita. Wa zai gani bai yi kuka ba? Kuma Kamila na tuna. Na ce ya Allah, ko mu ma za mu kai nan?"

Kamila ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata, na daɗi da na kunya a haɗe. Gwaggo kuwa ta kama hannun Mama Rosaline. "Baiwar Allah, ki yafe mini. Kwana biyu ina tsine miki, ashe ma kin girme ni!"

Gwaggo da kanta ta tura wa Abba bidiyon, ta kira shi. 

"Ba ni Sharfuddeen," in ji Abba. "Ɗana, na yi gaggawa, ka yi haƙuri. Rana tana nan yadda aka sa ta. Ka gaishe mini da Malam Clement, ka ce ina gayyatar su ɗaurin aure shi da maiɗakinsa."

Haka kuwa aka yi, bayan wata biyu aka ɗaura. Ku 'yan mata da iyaye, ku riƙe wannan: guntun bidiyo ba shaida ba ne, kuma wanda aka katse wa magana ba a ji ta bakinsa ba. Saura ƙiris a rushe aure a kan minti ɗaya da wani ya yanko. Haƙurin kwana biyu da Kamila ta roƙa da hawaye, shi ya tsayar mata da gidanta.