Gwiwar Alhaji Barau

Suwaibatu tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, rediyon Kaduna na ta zuba gaishe-gaishe a bakin taga, sai ga mahaifinta Alhaji Barau ya faɗo gidan, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Mero! Hito ki ji abin da surukinki ya yi mamu yau a Yankara!"

Inna Mero ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zane. "Lahiya, Alhaji? Wane surukin?"

"Surukai nawa gare ki? Maharazu na Tafoki, ɗan jami'a! Yaron ya taɓu!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Suwaibatu.

Abin da ya faru shi ne, Maharazu ya zo hutu daga Zariya. Da gari ya waye ya sa gajeren wando da farin takalmin kambas, ya kama hanyar Yankara da gudu, kamar yadda suke yi a makaranta. Ranar kuwa kasuwa ke ci. A wancan zamani namiji baligi ba ya gudu haka kawai — ko dai ya yi sata, ko wani abu ya biyo shi. Masu jakuna da suka gan shi sai suka rabu biyu. Wasu suka kwarma ihu, "Ɓarawo!" suka bi shi. Wasu kuma suka ce ai kura ce a bayansa, suka zubar da kaya suka ranta a na kare su ma.

"Shi kuma da ya waiwayo ya ga jama'a," in ji Alhaji, "sai ya ɗaga masu hannu shina cewa, 'Madalla! Ku ɗaga ƙahwa, ku ja numfashi ta hanci!' Ba wanda ya iya cim mashi. Da ya iso bakin kasuwa ya tsaya ya yi ta duƙawa shina taɓa 'yan yatsun ƙahwa. Kowa ya ce karatu ne ya hau mashi kai!"

Inna Mero ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Suwaibatu kuwa ba ta ga abin dariya ba, don kayan na-gani-ina-so na Maharazu suna ɗakin uwarta tun bara.

Bayan la'asar Maharazu ya zo zaure ya durƙusa.

"Wai kai me kake karantawa ne a can?"

"Ilimin motsa jiki da horar da 'yan wasa, Baba. Ina fainal iya, wato shekarar ƙarshe, saura jarrabawa da rubutun furojet. In na gama zan zama koci, in kuma koyar."

"Wasa! Ɗiyan mutane na hitowa likitoci da injiniyoyi, kai ka tahi jami'a koyon langa? Ga cinya a waje a gaban matan aure!"

"Wannan na yi kuskure, Baba. Daga yau dogon wando zan riƙa sawa."

"Ba wando kaɗai ba! Ka aje wasan ga, in haɗa ka da Alhaji Mamuda ka koyi kwangila. In ba haka ba, a maida maku kayanku."

Allah sarki, shekarun nan! Lokacin kuɗin mai sun buɗe ƙasa. Wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur Basfa, shinkafar ƙasar waje ta shigo har ƙauye, kowane yaro burinsa kwangila da Fijo. Wa zai tsaya sauraron mai koyar da gudu?

Da Maharazu ya fito, Suwaibatu na tsaye a soro, idanunta sun yi ja.

"Zan bari, Suwaiba. Digiri ba zai raba ni da ke ba."

"Kada ka soma, Malam! Shekara nawa kana wahala, sai da ka hango ƙarshe? In ka bari saboda ni, duk ranar da ka kalle ni abin da ka rasa za ka gani."

"To in Baba ya..."

"Baba ubana ne, ba zan saɓa mashi ba. Amma jira ai ba saɓo ba ne. Ka koma ka yi karatunka."

Kashegari aka mayar da kaya Tafoki. Suwaibatu ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta share hawaye ta koma kan aikinta. Masu motoci suka yi ta zuwa neman aurenta daga Funtuwa da Ƙanƙara, tana fita ta gaishe su da ladabi, ta ba su haƙuri. Alhaji ya ce, "Ni ban yi wa ɗiyata dole. Amma wancan dai, a'a!" Ita ko ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ita ke kai masa ruwan alwala, ita ke dama masa fura.

Ana nan, Alhaji ya sayi sabuwar Basfa, ya faɗi da ita a wani kwalbati kan hanyar Sabuwa, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa. Maɗori daga Yargoje ya ɗaure ta da karare, kuma ya yi aiki mai kyau, ƙashi ya haɗe. Sai dai da aka kwance bayan doguwar jinya, gwiwa ta sandare kamar taɓarya. Mutumin da bai taɓa rasa sahun gaba ba ya koma salla a zaune, ƙafa a miƙe, yana nuni da ka.

Wata rana bayan azahar Suwaibatu ta shiga da fura, ta tarar hawaye na bin gemunsa.

"Baba, ciwo take yi?"

"Ba ciwo ba ne, ɗiyata. Goshina ne ke marmarin ƙasa."

Ta fito ta faɗa wa Inna. Da Goggon Maharazu ta shigo kawo daddawa, ita da Inna Mero sun daɗe suna ƙus-ƙus a madafi.

Ranar Asabar sai ga Maharazu, cikin doguwar riga da hula, ya zo dubiya. Mai dubiya kuwa ba a korarsa.

"Baba, in ka yarda in duba ƙafar."

"Kai da ka karanta wasa?"

"Mun karanta gaɓoɓi da jijiyoyi, Baba. 'Yan ƙwallo na samun irin wannan. Daɗewa a ɗaure ne ya sa ta ƙage. Atisaye take so, kaɗan-kaɗan. Akwai zafi, ba zan ɓoye maka ba."

Alhaji ya dube shi. "Zan iya sujada?"

"In Allah ya yarda."

"To taɓa. Amma ka sani, wannan bai shahi waccan magana ba!"

"Ban zo don waccan magana ba, Baba."

Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da tsumma ya gasa gwiwar. Ya zaunar da shi a bakin gado, ya riƙe dunduniya yana lanƙwasawa a hankali.

"Wayyo! Ɗan nema, ramuwa ka zo yi?"

"Saura kaɗan, Baba. Ja numfashi."

Ya ɗura yashi a 'yar jaka ya nuna wa Suwaibatu yadda za a ɗora a ƙafar ana ɗagawa safe da yamma. Daga nan duk ƙarshen mako sai ya hau mota daga Zariya ya sauka Funtuwa, ya nemi ta Yankara, littattafansa a hammata, yana bitar jarrabawa a bayan akori-kura. Bai taɓa tsayawa zance a soro ba. Ya gaida Inna, ya yi aikinsa, ya tafi. Suwaibatu takan ji muryarsa daga bayan labule, ta haɗiye abin da ke ranta.

Damina ta faɗi, ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Asabar ɗin da ta biyo baya ya tarar Alhaji tsaye kan buzu zai yi la'asar, ba kujera kusa.

"Tsaya nan kusa da ni, ko zan hwaɗi."

Alhaji ya kabbarta. Ya yi ruku'u, ya ɗago, sannan ya fara sauka a hankali. Gwiwa ta lanƙwashe — ta taɓa buzu — goshi ya isa ƙasa! Ya daɗe a nan, bayansa na jijjiga. Inna Mero da ke leƙe ta fashe da kuka tana hamdala.

Da ya sallame bai juyo ba. Ya ce, "Maharazu."

"Na'am, Baba."

"Na raina abin da ban sani ba, Allah ya yahe mani. Ka ce wa manyanka su maido kayan nan. Suwaibatu, kin ji?"

Daga bayan labule wata 'yar murya ta ce, "Na ji, Baba."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Alhaji Barau da ƙafarsa ya taka har masallaci.

'Ya'yana, babu ilimin banza in an nufi amfanin bayin Allah da shi. Da Suwaibatu ta yi wa ubanta tsaurin ido, ko da Maharazu ya yi zuciya ya ƙi zuwa dubiya, da an yi asara ta ko'ina. Sun yi haƙuri, sun riƙe ladabi, Allah kuma ya ba su abin da suke so da albarkar iyaye a kai.