Rawar da Farfela Ta Yi

Da hantsi aka kira Sufeto. Wata mota fikof ce ta kife a kan babban titi, direbanta ya rasu nan take. Abin da ya ja hankalinta shi ne wani dogon rami a kwalta, kamar an ja garma. Farfela, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ita ce ta tsinke ta caki ƙasa, ta ɗaga motar sama.

Masu kallo sun riga sun yanke hukunci, wai kwana ne ya ƙare. Haka muke. Mu yi ganganci da hannunmu, mu ɗora wa ƙaddara, mu shafa fatiha mu watse. Sufeto ba ta watse ba.

Matar marigayin ta ce makon jiya ya kai motar gareji aka rage mata tsawo, don ya fi son ta kwanta ƙasa. Tun daga ranar take rawa, har madubi ba ya nuna komai. Ya koma ya yi ƙorafi.

"Me aka ce masa?"

"Wai sabon takalmi ma sai ya ciji ƙafa. Ya ƙara sautin rediyo, za ta saba."

Sufeto ta nufi garejin, inda motar janwe ta ajiye fikof ɗin tun kafin 'yan sanda su nema. Mai Gareji ya tarbe ta yana goge hannu da tsumma, yana ta rantsuwa. Ya bayyana mata cewa in aka sauke mota, wato aka rage mata tsawo, bakin aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, yakan karkace, ya daina kallon bakin giya, sai farfela ta riƙa juyi a murɗe har ta ci kanta. Maganin shi ne a cusa weji, ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, a ƙarƙashin sifirin a daidaita su. Shi kuwa ya sa, ta duba da idonta.

Ta durƙusa ta leƙa. Ga weji nan dama da hagu. Amma duk ƙarƙashin motar taɓo ne da baƙin mai, su kaɗai ke ƙyalli. Ta shafa, yatsanta ya fito tas.

"Oga, wejinka ba ya kama datti ne?"

"Mai kyau ne, ranki ya daɗe."

"To me ya sa na dama kaurinsa ke kallon gaba, na hagu ke kallon baya?"

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a kan wata taya, ya amsa cewa da safen nan ya cusa su cikin sauri. Ranar aikin ƙyuya ce ta hana shi aunawa, ya ga ai ana yi ana wucewa lafiya. Sai ya ƙara da abin da ba ta tambaya ba: motoci biyu ya sauke ranar. Ɗayar ta ƙanin marigayin ce, autansu.

Ɗazu matar marigayin ta ce Auta ya tafi ɗauko mahaifiyarsu don jana'iza, kuma sauri yake.

Sufeto ta karɓi lambar Auta ta kira. Ba a ɗaga ba. Ta sake. A karo na gaba ya ɗaga, kuma bayan muryarsa tana jin ƙugin ƙarfe, gurr, gurr.

"Auta, 'yar sanda ce. Kada ka taka birki da ƙarfi. Ɗage ƙafarka daga totur, ka gangara gefe."

"Hajiya, jana'iza ake jira."

"Ɗaya ta ishe ku. Gangara."

Ƙugin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ta ji tsohuwa tana tambayar me ya faru.

Sai a lokacin Sufeto ta saki numfashi. Kofur ɗin da ke tare da ita ya sa wa Mai Gareji ankwa. Suna fita, wani matashi ya shigo da sabuwar fikof, yana tambaya ko nan ne ake sauke mota.