Tsofaffi Uku, Sabuwa Ɗaya

"Farcen nan sai ya tafi."

Abin da ya fara ce mini ke nan, ko sallamata bai gama amsawa ba. Na dubi hannuna, na dube shi. Wata uku ina tattalin farcen nan kamar ƙwai!

"Bes na zo koya, ba yankan farce ba."

"To ai shi ne, Malama. Bes ba ta shiri da farce, da tsokar yatsa ake jan ta."

Ya miƙo mini abin yankan farce yana danne dariya. Dogo ne na gaske, har sai ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin jitocin da ya rataye a shagonsa, kuma Dogon ne sunan da kowa ke kiransa da shi a layin. Shagon ƙarami ne, a ƙasan wani bene, yana warin dalma da man goge katako. A kusurwa akwai wani tsohon durom da yake jefa tsirkiyoyin da ya cire wa jitocin mutane.

Na yanke farcen ina harararsa.

"Me ya sa bes?" ya tambaya. "Yawanci ƙaramar jita ake so, mai daɗin baki."

"Hannun hagu kawai nake so ka koya mini."

"Hagu kawai? Damar fa, aro za ki yi?"

"Akwai mai ita a gida..."

Daga nan dole na ba shi labari.

Babana shekara talatin ya yi yana kaɗa bes, babbar jita mai tsirkiya huɗu wadda ake jin ta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Mama ta rasu ina 'yar shekara goma sha biyu, muka rage daga ni sai shi. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya dawo, amma hannun hagu ya ƙi. Tun daga ranar ya sa aka ɗora masa akwatin bes ɗinsa a saman kwaba, bai ƙara kallon wajen ba. Ko kiɗa aka sa a rediyo sai ya kashe.

Amma ni ina ganin abin da yake ɓoyewa. In ya zauna shi kaɗai a falo, yatsunsa biyu na dama suna tafiya a kan hannun kujera, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya sani ba. Dama tana nan da ranta, abokiyar aikinta ce ta gudu. Ni kuwa ina da hagu lafiyayye da ba na komai da shi sai riƙe littafi a gaban yaran ajinmu.

Na ɗauka Dogo zai yi mini dariya. Sai ya sauko da wata bes daga bango ya ɗora mini a cinya.

"Zan koya miki duka biyun. Hagu ba zai san aikinsa ba sai ya san abin da dama ke jira."

Haka muka fara, kullum in na taso daga makaranta. Babban yatsa a bayan wuyan jita, kada ya leƙo. A danna tsirkiya dab da bayan ɗan ƙarfen da ya gitta wuyan, ba a kansa ba, in ba haka ba ta yi zuzz kamar ƙuda a kwalba. Yatsa ɗaya, gida ɗaya, wato tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ƙaramin yatsana ya ƙi jin magana, kullum yana sama kamar na mai shan shayi a gidan surukai.

"Sauko da shi, Malama."

"Ba ni ba ce, shi ne, Malam!"

"To ki faɗa masa na ce ya sauko."

Sati biyu yatsuna suka yi bororo, na yi kuka, na rantse na bari. Washegari na dawo. Bororon ya fashe ya zama kanta. Ya riƙa koya mini kashe sauti, yadda za ka kwantar da yatsu a kan tsirkiyar da ba ka so ta yi magana.

"Rabin kiɗan bes shiru ne," in ji shi. "Wanda bai iya sa ta yin shiru ba, bai iya ta ba."

Ban san ranar da na fara son sa ba. Na dai lura ina sake mayafi sau uku kafin in tafi darasi. Shi kuma ya fara mantawa da duba agogo. Ranar da na kaɗa layin kiɗana na farko daga farko har ƙarshe ba kuskure, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Ni kam na shiga uku."

"Me na ɓata kuma?"

"Ba ki ɓata komai ba. In kin iya, za ki daina zuwa... ni kuma ban san yadda zan yi da ƙarfe huɗu na yamma ba, sahibata."

Na sunkuyar da kai ina wasa da tsirkiya, zuciyata tana bugawa fiye da sifikar da ke gefena.

"Ka zo ka gaida Baba," na ce. "Amma ka sani, ko ina son ka kamar raina, ba zan auri wanda Baba bai yi na'am da shi ba. Ba shi da kowa sai ni."

Ya zo. Ya durƙusa har ƙasa, duk tsawon nan ya naɗe kamar tabarma. Baba ya kalli yatsunsa kafin ya kalli fuskarsa.

"Makaɗi ne," Baba ya ce.

"Ɗan koyo ne, Baba."

Da Dogo ya tafi sai Baba ya ce mini, "Yaron yana da kanta mai kyau, Uwata." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Wanda ya san Baba ya san wannan yabo ne babba.

Daɗin wannan magana ne ya kai mu ya baro. Na ga lokaci ya yi. Ranar da ƙanin Baba ya kai shi asibiti wajen gashin hannu, na hau kujera na sauko da akwatin, na kai wa Dogo.

"Shekara biyu tana kwance. Ka yi mata duk abin da ya kamata."

Ya buɗe akwatin kamar mai buɗe jariri. Ya gyara bakin da ake soka waya, ya goge ƙura, ya daidaita wuyan. Sai ya shafa tsirkiyoyin, masu santsi ne irin na da, sun yi baƙi ƙirin, sun dushe.

"Kai! Waɗannan ai sun mutu tun tuni."

Ya ɗauko sababbi mafiya kyau da yake da su a shagon, waɗanda ya ajiye wa kansa, ya ɗaura mata. Tsofaffin ya naɗe su ya cilla cikin durom. Ina tsaye ina murmushi, ina jin mun yi gwaninta.

Da yamma na ajiye akwatin a gaban Baba, Dogo na durƙushe a bakin ƙofa.

"Baba, wata bakwai ina koyo a ɓoye. Ni zan zama hagunka, kai ka ja."

Wallahi na ga farin ciki ya taso masa! Ya buɗe akwatin da hannu ɗaya, ya kai yatsa ya ja babbar tsirkiya. Ta yi ƙara tangararas, mai kaifi, kamar an bugi sabon kwano.

Fuskarsa ta mutu.

"Wa ya taɓa mini tsirkiya?"

"Ni ne, Baba," in ji Dogo. "Na ga sun tsufa, sai na..."

"Ina suke?"

"Suna... na zubar a durom."

"Ka zubar!"

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba.

"Uwarki ce ta sayo mini su, Uwata. Satin da za ta tafi, ba ta iya barci sai na kaɗa mata a hankali. Sai ta ɗora tafin hannunta a kansu, ta ce tana so ta ji rawarsu a jikinta. Shekara goma sha huɗu ban canza ba, ko gogewa da ƙarfi ban yi ba. Hannunta yana kansu..."

Ya juyar da kai bango. "Ka fita, yaro. Kada in ƙara ganin ka a gidan nan."

Garin neman gira muka rasa ido. Na bi Dogo har bakin ƙofa ina kuka.

"Laifina ne, ni na kai maka!"

"Hannuna ne ya cire. Ya kamata in tambaya. Duk mai bes da ya bar tsirkiya ta tsufa haka yana da dalili, na sani, ɗokin burge shi ne ya rufe mini ido."

"Ka ji abin da ya ce... ba zan iya saɓa masa ba, masoyina."

"Na sani. Da za ki iya, da ban so ki haka ba."

Kwana huɗu Baba bai yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Yatsunsa ma sun daina tafiya a hannun kujera, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ban kira Dogo ba, shi ma bai kira ba. A kwana na uku na bi ta layinsu, ban tsaya ba. Shagon a buɗe, ya kifar da durom ɗin a ƙasa, tsirkiyoyin shekara da shekaru sun cakuɗe sun cika ɗakin. Yana zaune a tsakiyarsu yana warware su ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowace da yatsa. Hannayensa duk yanka.

Rana ta biyar da hantsi aka yi sallama. Dogo ne, ya tsaya daga waje, bai tako ba.

"Baba, ka ce kada in shigo, ban shigo ba. Amanarka na kawo."

Baba ya ce, "Miƙo."

Na karɓo ambulan ɗin da ke hannunsa. Tsirkiya huɗu, baƙaƙe, masu santsi. Baba ya ja su ta tsakanin yatsunsa, ya tsaya a inda suka ɗan lotsa saboda yawan danna. Ya kai su hanci. Hawaye ya zubo masa.

"Ya aka yi ka gane su?"

"Duk durom ɗin babu waɗanda suka sha hannu kamarsu, Baba."

"Shigo ka mayar. A gabana."

Dogo ya zauna a ƙasa, ya cire sababbin. Ya ɗaura babbar, yana murɗa kunnen da ke ɗaure tsirkiyar a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Ta zauna. Ta biyu ta zauna. Ta uku ma. Da ya zo ta huɗu, siririyar, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Tsohuwar tsirkiya ba ta son a sake ta a kuma ɗaure ta, duk mu ukun mun sani. Ya murɗa kaɗan... ya ƙara kaɗan...

Tas!

Ta tsinke daga can saman wuya. Na dafe ƙirji. Dogo ya runtse ido, bai ko motsa ba, kamar mai jiran hukunci.

Baba ya miƙa hannu, ya karɓi tsinkakkiyar, ya naɗe ta a yatsunsa, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Kana da mai santsi irinta?"

"Na... na zo da ɗaya, Baba, don tsoron haka. Amma sabuwa ce."

"Ɗaura."

Ya ɗaura, ya saita, ya jona ƙaramar sifikar da ke ƙarƙashin gado. Baba ya rungume jitar a cinyarsa, ya dube ni.

"To, mai hagu. Zo mu gani ko wata bakwai ɗin nan ba hira kuka yi ta yi ba."

Na zauna a gefensa na hagu, kafaɗata a jikin hannunsa da ya mutu, na kama wuyan jitar. Ya faɗa mini gidajen da zan danna, huɗu ne kacal, suna zagayowa. Ya ja.

Sautin ya fito mai kauri, mai taushi, ya bi ta kujera ya shigo mini ƙirji. Na san shi! Shi ne nake ji ta bango ina yarinya, satin da Mama ke kwance. Na yi ta danna ina kuka, ƙaramin yatsana ya tashi sama.

"Sauko da shi," Baba da Dogo suka faɗa a tare.

Dariya ta ƙwace wa Baba, ta farko a shekara biyu. Muka ci gaba, har layin ya kai kan sabuwar tsirkiya. Ta yi magana da ɗan ƙarfi, ta fita daban a cikin 'yan'uwanta. Dogo ya sunkuyar da kai.

"Zan nemo tsohuwa a wani wuri, Baba, wadda za ta fi dacewa..."

"Bar ta." Baba ya sake jan ta, yana saurare. "Surutu ne da ita, da rawar kai, da gyaran abin da ba a sa ta ba. Amma ƙarfenta mai kyau ne. In ta zauna cikin waɗannan shekara goma tana shan hannu, za ta yi hankali."

Ya ɗago ya dube shi sosai.

"Sai dai ba ta tsufa a akwati. Kullum sai an kaɗa ta, ni kuma ba na iya saita ta da hannu ɗaya. Ka faɗa wa manyanka ina son ganinsu."

Dogo ya durƙusa yana godiya. Ni kuwa na ɓoye fuskata a kafaɗar Baba.

"Uwata," ya ce, yana taɓa aljihunsa inda tsinkakkiyar take, "ɗago ki kama. Uwarki ba ta son a tsaya a tsakiyar kiɗa."